Labarin Zuciya a Tambayi Tsintsiyar Hannu

'Yan'uwana 'yan makaranta, da ku malamanmu, ina neman gafara tun da fari, domin abin da zan ba da labarinsa ƙarami ne ƙwarai, har wani ya ce bai isa a ɓata takarda a kansa ba. Ga shi a taƙaice: in mutum yana zaune, ya tashi ya kama tafiya, zuciyarsa ta kan ƙara saurin bugawa. Kowa ya san haka, ko kuwa kowa yana tsammani ya sani. Amma ni wannan ɗan abu ya hana ni barcin kirki har wata biyu, daga baya kuma shi ya tona mini wani zalunci da na yi ban sani ba. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta.

Ina aji biyu na makarantar tsakiya mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bai yi jinya ba. Ya tashi daga inuwar da ya ke hutawa a bakin gona, ya doshi gida, bai yi taku hamsin ba sai ya faɗi. Waɗanda suka ɗauko shi suka ce zuciyarsa ce ta buga. Ni kuwa, da ya ke yaro ne, abu biyu kaɗai na riƙe cikin labarin duka, watau ya tashi, ya faɗi.

Shekaru suka wuce, har na zo kwalejin nan. Ran nan da hunturu, muna karatun dare, na yi wajen sa'a biyu a zaune ban motsa ba. Da aka buga ƙararrawa na zabura na miƙe, na nufi ɗakin kwana, na harɗe hannuwa a ƙirji saboda sanyi. Sai na ji abu yana dukan tafin hannuna daga ciki, da sauri da sauri. Na tsaya, na zauna bisa wani dutse a gefen hanya. Jim kaɗan abin ya lafa. Na tashi na ci gaba, ya dawo. Sau uku ina gwadawa a daren nan, sau uku yana dawowa. Na ce a raina, shi ke nan, gado ya iso.

Daga ranar na zama wani mutum dabam. Na bar ƙwallo, na ce idon sawuna ke ciwo. In zan tashi daga kujera sai in dafa tebur, in miƙe a hankali kamar mai shekara tamanin, har abokan ɗakina suka sa mini suna Dattijo, wasunku kuma har yanzu ba su bari ba. Ban gaya wa kowa ba, don ina tsoron kada a ce marar lafiya ba ya iya aikin malanta, a sallame ni, ga mahaifiyata da ƙannena uku sun zuba ido ga ranar da zan fara karɓar albashi. Da muka tafi hutu na je wurin malamina na allo, wanda a hannunsa na sauke, na ce masa faɗuwar gaba ke damuna. Ya yi mini addu'a, ya ba ni rubutu na sha. Hankalina ya ɗan kwanta, ba na musun wannan. Amma kun san mu Hausawa kalma guda mu ke kiran abu biyu da ita. Akwai zuciyar da ke ɓaci, ta yi fari, ta yi sanyi, akwai kuma tsokar nan mai girman dunƙulen hannu da ke tsakanin huhu biyu. Ta farko ta sami sauƙi, ta biyun kuwa da na tashi na kama hanyar gida sai ta ci gaba da halinta.

Malaminmu na kiwon lafiya shi ya gane ni. Ya lura kullum ina zamewa daga wasan motsa jiki na safe, ya kira ni ofishinsa. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Allah ya gafarta Malam, ciwon da ya kashe mahaifina shi ya kama ni." Na kwashe labari duka na gaya masa. Bai yi dariya ba, na kuwa gode masa a kan wannan. Ya kwance agogonsa ya ajiye bisa tebur, ya ɗora yatsu biyu a tsintsiyar hannuna, ta gefen babban yatsa, ya yi shiru minti guda. Ya ce, "72." Ya ce in kewaya filin ƙwallo da tafiyata ta kullum in komo. Na komo, ya ƙirga, ya ce, "98." Muka zauna minti uku, ya sāke, ya ce, "76." Sa'an nan ya miƙo mini nasa hannun, ya nuna mini inda zan taɓa. Na sami 68. Ya tashi da kansa, da babbar rigarsa, ya kewaya filin nan ina kallo ta taga, ya dawo, na ƙirga na sami 95. Ya dube ni ya ce, "To, samari, ni ma sai a fara haƙa mini kabari ke nan?"

Duk da haka bai sallame ni nan take ba. Ya ce wanda mahaifinsa ya yi mutuwar farat ɗaya ya kamata likita ya duba shi, ko da ba ya jin kome. Ya ba ni takarda na tafi asibiti, aka saurari ƙirjina, aka manna mini wayoyin na'urar nan mai zana bugun zuciya a takarda. Likita ya ce bai ga kome ba sai tsoro.

Da tsoron ya tafi sai son sani ya maye gurbinsa. Na dinga aron littattafan Malam, ina damunsa da tambaya, ga kuwa abin da na fahimta.

Ashe zuciya ba jiran umurni ta ke yi kafin ta buga ba. A bangon ɗakinta na sama, na wajen dama, akwai wani ɗan ƙulli wanda masana biyu, Keith da Flack, suka gano a Ingila cikin 1907. Shi ne makaɗinta, shi ke ba da kiɗan da sauran tsokar ke bi. In da za a bar shi ya yi son ransa, a saurayi irina wajen 100 zai riƙa bugawa a minti. To, yaya aka yi mai zama ya ke samun 70? Domin akwai linzami a bakinsa. Wata jijiya ce ta fito daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya, ta ratsa ƙirji har cikin ciki, saboda yawan yawonta ma aka sa mata suna da Latinanci wanda ma'anarsa mai yawo. A nan ma Hausa ta yi mana rowa, don da mai ɗaukar jini da mai ɗaukar saƙo duk jijiya mu ke cewa. Wannan ta saƙo ce. Cikin 1845 wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, masu suna Weber, suka taɓa ta da lantarki a jikin dabba, suka ga zuciya ta rage sauri, har ta tsaya. Abin ya ba masana mamaki, don a da an san jijiya da tayar da gaɓa, ba a san ta da hana ta ba.

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla ya ga misalin. Ingarman doki yana tsaye yana tauna linzami, mahayi ya ja ya riƙe. In yana so ya fara takawa ba ya bukatar ƙaimi, sassauta hannu kawai zai yi. Haka zuciya ta ke tsakanin zama da tafiya, yawancin ƙarin daga sakin linzami ya ke zuwa, shi ya sa ya ke zuwa nan da nan, cikin bugu ɗaya ko biyu. Ƙaimin ma akwai shi, watau wasu jijiyoyi dabam da wani sinadari da jiki ke zubawa cikin jini, amma shi ya fi jinkiri, kuma aikinsa ya fi yawa in an wuce 100, kamar wajen gudu ko hawan tudu.

Saura mu san wa ke cewa a saki linzamin. Na farko dai tashin kansa. Jini ruwa ne, ruwa kuwa gangare ya ke so. Da mutum ya miƙe, wajen rabin lita ya kan gangara ya taru a ƙafafu da ciki, abin da ke komowa zuciya ya ragu, abin da ta ke turawa a kowane bugu shi ma ya ragu. Akwai 'yan gadi a bangon manyan jijiyoyin jini na wuya da na bakin zuciya, aikinsu jin ƙarfin jini. Da sun ji ya sauka sai su kai rahoto, a sassauta linzami, a kuma matse hanyoyin jini. In rahoton ya makara kaɗan, shi ne jirin nan da duhun ido da mutum ya kan ji in ya zabura, musamman da bazara, ko da la'asar cikin azumi.

Na biyu shi ya fi burge ni. Cikin 1913 wasu masana biyu na ƙasar Danmak, Krogh da Lindhard, suka ɗora mutane bisa keken da ba ya tafiya, suka auna. Suka tarar numfashi da bugun zuciya suna tashi tun farkon murza feda, tun tsokar ƙafa ba ta ci wani abin kirki ba balle ta nemi ƙari. Watau sa'ad da ƙwaƙwalwa ta aika wa ƙafa ta taka, tare ta ke aika wa zuciya ta shirya. Kamar maigida ne da ya gayyaci baƙi, ba ya bari sai sun yi sallama kāna ya ce a ɗora tukunya.

Na uku su ne baƙin da kansu in sun iso. Tsoka mai aiki tana ƙona abinci da iskar oksijin, jini kuwa shi ke kai mata. Saboda haka sai ta buɗe ƙananan hanyoyinta, kamar mai lambu ya buɗe wa fangali goma ruwa maimakon biyu, dole mai jan jigo ya ƙara hannu. Ga lissafin, don masu son lissafi. Zuciyar babban mutum a zaune tana tura kamar mililita 70 a kowane bugu, watau wajen cokali biyar na cin abinci. In ta buga 70 a minti, an sami 4,900, kusan lita 5 ke nan, wanda shi ne kimanin dukan jinin da ke jikinsa. Ashe kowane minti jinin mutum kaf ya kan zaga ya komo. Tafiya mai ɗan sauri ta kan kai wannan kusan ninki biyu, gudu mai tsanani kuwa ninki huɗu ko biyar. A zaune tsokoki ba su samun fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jinin da ke zagawa, amma wajen gudu su kan kwashe kashi huɗu. Kada kuma a manta da sha-raɓa. Kowane taku tana matse jijiyoyin da ke cikinta, su kuwa suna da 'yan ƙofofi masu buɗewa sama kaɗai, sai jinin ya hau. Dalilin ke nan da ya sa yaron da aka tsayar a layi cikin rana ya kan suma, mai tafiya kuwa ba ya suma. Wanda duk zai tsayar da yara a taron safe, ya bar su su riƙa motsa ƙafa.

Akwai kuma mai sakin linzami wanda ba ruwansa da ƙafa, shi ne abin da ke ran mutum. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana cikin littafinsa Alƙanun yadda likita zai gane ciwon so: ya riƙe hannun majinyaci, a yi ta ambaton sunayen unguwanni da gidaje da mutane, inda bugu ya rikice to nan maganar ta ke. Ina roƙon mutanen ɗakinmu kada su gwada wannan a kaina. Abin da na ke nufi shi ne, a daren nan da na zauna bisa dutse, rabin abin da na ji tafiya ce, rabi kuwa tsoro ne, tsoron yana ƙara bugu, bugun yana ƙara tsoro. Abin da ya raba ni da wannan tarko ƙirga ce kawai. Likitocin da sun daɗe suna taɓa hannu suna siffanta bugu da kalmomi, sai a 1707 wani likitan Ingila, John Floyer, ya fito da littafi a kan ƙirga shi da agogon da ya sa aka ƙera masa mai auna minti guda. Wanda ke so ya gwada, ya sa manuniya da na tsakiya, kada ya sa babban yatsa don shi ma yana da nasa bugun. In ya dawo daga tafiya ya ƙirga nan take, na daƙiƙa 30 ya ninka biyu, don saurin ba ya jira. Babban mutum mai lafiya a zaune ya kan sami tsakanin 60 da 100, yara sun fi haka kaɗan, zazzaɓi kuma ya kan ƙara kamar 10 a kan kowane digiri guda na zafin jiki. Amma wanda tsayuwa kawai ke ƙara masa 30 ko fiye, ta ƙi sauka, ga jiri, ko wanda ke jin ciwon ƙirji ko suma, wannan kada ya yi irin shirun da na yi.

To, da a nan labarin ya ƙare da na fita da farar fuska. Amma da aka rarraba mu koyon koyarwa, aka tura ni wata makarantar ƙauye a bakin fadama, mako shida, aka ba ni aji huɗu. Kowace safiya mu kan taka zuwa lambun makaranta, wajen rabin mil, da ɗan hawa a tsakani. Akwai wani yaro, shekararsa kamar goma sha ɗaya, zan ɓoye sunansa. Kullum shi ne na ƙarshe, kullum sai ya zauna a rabin hanya, in an komo aji kuma ya yi ta gyangyaɗi. Tun ran da na iso aka gaya mini rago ne, ni kuwa na karɓa ban bincika ba, don sabon malami ba abin da ya ke tsoro kamar a ce ya kāsa riƙe aji. Sau biyu ina zuba masa tsumagiya. Ran nan ma, don in koya masa kuzari, na sa shi ya kewaya ajin da gudu sau biyar.

Cikin mako na biyu na shirya darasin da na ke alfahari da shi. Na aro agogon Malam tun daga nan kwaleji saboda shi. Na ja layi uku a allo: a zaune, bayan tafiya, bayan hutun minti uku. Na koya wa yara inda za su taɓa, aka yi ta dariya, wani ya rantse shi ba shi da bugu sam. A zaune yawancinsu suka sami tsakanin 80 da 95. Muka taka zuwa gindin kukar da ke bayan makaranta muka komo, kowa ya ƙaru da 20 ko 30, bayan hutu kuma kusan kowa ya koma inda ya fito. Yaron nan kuwa a zaune ya ce mini 108. Na ce a raina, har a ƙirga ma rago ne. Na kama hannunsa da kaina, na sami 110. Bayan tafiyar nan da ba ta isa a kira ta tafiya ba na sami 152, yana haki. Bayan minti uku bai sauko ƙasa da 130 ba.

Na ja fatar idonsa ta ƙasa kamar yadda aka koya mana. Inda ya kamata a ga ja, fari na gani kamar takarda. Tafin hannunsa da farcensa haka. Na tambaye shi a hankali ko yana fitsarin jini, sai ajin ya fashe da dariya, wasu suka ce ai su ma suna yi, alamar girma ce. Ba alamar girma ba ce, tsargiya ce, tsutsar da wani likita Bajamushe, Bilharz, ya gano a Alƙahira cikin 1851. A jikin katantanwar kududdufi ta ke girma, ta huda fatar mai wanka ta shiga, ƙwanta kuma shi ke raunata mafitsara.

Da yamma na bi shi gida. Na tarar da mahaifinsa yana gyaran jigo, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, yaron nan ba shi da lafiya, ina so a kai shi asibiti." Ya ce, "Malam, ai mu ma duk mun yi, ga mu nan. Lalaci ne kawai, ka ci gaba da horonsa, mun ba ka." Wannan kalma ta ƙarshe ta soke ni. Ban san yadda zan yi masa bayanin linzami da ƙaimi ba, sai na kama yatsunsa biyu na ɗora a hannuna, sa'an nan na ɗora a na ɗansa, dukanmu muna zaune bisa tabarma ɗaya. Ya daɗe bai ɗaga ba. Can ya ce, "Wannan ai kamar na tsuntsu." Washegari ya ɗauke shi a keke.

A asibiti aka sami tsargiya, aka kuma sami tsutsar ciki mai shan jini, irin wadda ke shiga ta tafin ƙafar marar takalmi. Malamin asibiti ya ce jininsa ya tsinke ƙwarai. Jinin da ya tsinke kuwa kaɗan ya ke ɗauka na oksijin a kowane zagaye, don haka dole zuciya ta yawaita zagaye, kamar mai ɗiban ruwa da ƙaramin guga. Watau shi yaron nan tun yana zaune an riga an sakar masa linzami duka, da ya tashi tafiya ba abin da ya rage sai ƙaimi. Zaman da ya ke yi a rabin hanya jikinsa ne ya fi ni hankali. Ni da na yi wata biyu ina lallaɓa lafiyayyiyar zuciya kamar ƙwai, ni ne na sa mai wannan hali gudu sau biyar.

Aka ba shi maganin tsutsa da ƙwayoyin ƙarin jini. Hedimasta, Allah ya sāka masa, ya rubuta aka zo aka duba sauran masu alamar girman. A makona na ƙarshe muka maimaita darasin, yaron ya sami 94 a zaune, 124 bayan tafiya, 100 bayan hutu. Bai gama warkewa ba, har ran nan shi ne na ƙarshe zuwa lambu, amma bai zauna a hanya ba. Da aka tashi na tsai da shi na ce ya yafe mini dukan da na yi masa. Ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsun ƙafa, ga alama bai taɓa jin malami ya faɗi haka ba, bai kuwa san amsar da a ke bayarwa ba. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Malam, in ka tafi da agogon wa zai riƙa ƙirga mini?" Agogon kuwa ba nawa ba ne, ranar Asabar na mayar wa mai shi.